Ja'afaru da Zazzaɓin Katafila

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Talata Mafara ya san rumfar Ja'afaru, ko da bai san mai ita ba. Wata 'yar rumfar kwano ce da ta karkace gefe guda, cike da injinan ban-ruwa da na niƙa waɗanda aka kawo su suna ɗan tari, aka dawo aka tarar sun riga mu gidan gaskiya. A jikin kwanon ya sa an rubuta "Injiniya" da jan fenti, ƙato-ƙato, don kada makaho ya wuce bai gani ba. A faɗarsa, da hannunsa aka gina madatsar Bakolori, shi Turawan da ke aikin ke aika wa a cikin gaggawa duk lokacin da inji ya gagare su. Tsofaffin gari kuwa sun rantse lokacin da ake wannan aiki ko rarrafe bai fara ba. In an gaya masa haka sai ya girgiza kai ya ce hassada ce ta hana garin nan ci gaba.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ɗaya ne, ya gaji da ƙananan injuna. Shi a ganinsa Allah ya halicce shi ne don manyan motocin aiki, irin masu tafiya ƙasa na girgiza. So yake a ba shi guda ɗaya rak ya gyara a gaban jama'a, daga nan sunansa ya tashi daga Maradun har Sakkwato, 'yan kwangila su riƙa layi a ƙofarsa.

"Inji ai inji ne," yakan ce wa masu zaman rumfarsa. "Wanga ƙarami, wancan babba, iyakar bambancin ke nan."

To, ana tsakiyar noman rani, manoman shinkafa na Dakko, can ƙasar Bakura, suka haɗa kai suka ɗauko hayar katafila mai dogon hannu, don ta yashe musu hanyar ruwan da laka da ciyawa suka cushe. An riga an sanar da su ranar Alhamis za a sako musu ruwa, wanda hanyarsa ba ta buɗe ba kuwa sai ya jira wani zagayen. Gonar da ke can ƙarshen hanyar ta Habiba ce, yayar Ja'afaru, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, irin shinkafar da ta yafa shi ne abincin gidanta na shekara, ga shi ƙishi ya sa ya fara komawa ruwan ɗorawa. In ruwan Alhamis ya wuce ta, babu abin da za ta dasa.

Ranar Talata katafila ta ci rabin aiki, sai ta ɓullo da wani hali. Da ta ɗan yi haƙa sai allurar zafi ta haye ja, wata ƙara ta cika ɗakin direba, ƙi-ƙi-ƙi, dole a kashe ta a jira ta huce. Direbanta, Kamilu, wani saurayi ɗan Maradun, tuƙi kawai ya iya, bai kuma ɓoye ba. Ya buga wa ubangidansa waya, aka ce makanike zai taso daga Gusau gobe da safe. In ya iso da wuri, aikin da ya rage ba zai wuce yini ba.

Wani ɗan acaɓa ne ya kai labarin tashar Mafara, Allah ya yafe masa. Kafin ya rufe baki Ja'afaru ya zura kakinsa, ya maƙala wani tabarau da ba na gani ba, ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur ya kama hanya.

Ya tarar da jama'a a gindin wata bishiya, katafila na tsaye a bakin gaɓa. Sarkin Noma Sallau, shugaban manoman, yana zaune cikin farar babbar riga, ga Maikuɗi mai shayi ya kafa teburinsa don cinikin 'yan kallo.

"Salamu alaikum. Sarkin Noma, an wuni lahiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya muka ji da zahi?"

"Lahiya lau, Ja'afaru. Ya hanya? Ya mutanen Mahwara?"

"Suna gaishe ku. Ina marar lahiyar?"

Kamilu ya sauko yana goge hannu. "Malam, an ce kada a taɓa ta. Makanike na tahe gobe."

"Makanike!" Ja'afaru ya yi wata dariya ya waiwayi jama'a. "Ku ji muna yaro. Ga injiniya tsaye gabanka kana kiran makanike? Wanga na Gusau, ka tambaye shi in ya taho, wa ya koya mishi riƙon sifana?"

Manoma suka rabu biyu, wasu na cewa a jira, wasu na cewa in na Gusau ya yi halin makanikai ya ce gobe ya zo jibi fa? Sarkin Noma ya juya wajen Habiba, wadda ke tsaye can gefe da mayafinta.

"Habiba, gonarki ce ƙarshe, wanga kuma ƙaninki ne. Mi kika gani?"

Ta dubi wajen gonarta, ta dubi ƙaninta da tabaransa. Ta san shi sarai, ita ta yi masa wanki da tsarki. Amma tsoro ya fi ƙarfinta, kuma ba ta taɓa kunyata shi a gaban mutane ba.

"Ku bar shi shi gwada," ta ce a hankali.

Ja'afaru ya ji kansa ya ƙara girma. Ya haye katafila, ya buɗe murfin inji, ya zaro doguwar sukundireba ya dafa bakinta a jikin ƙarfe, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido.

"Ku yi shiru! Ina sauraren zuciyarta."

Aka yi tsit. Can Maikuɗi ya yi gyaran murya. "Injiniya, ai a kashe take."

"Na sani! Kai da ba ka wuce tahasa ruwa ba, ina ka san gwani shina jin inji ko a kashe?" Ya miƙe ya gyara tabarau. "Zazzaɓi ne. Ranar Zamfara ta yi mata yawa, ita 'yar ƙasar sanyi ce. A samo man ƙanƙara."

Aka tura babura Bakura, suka dawo da buhunan ƙanƙara suna ɗiga. Ja'afaru ya jera su a kan murfin inji ya ɗaure da igiya, katafila ta koma kamar tsohuwa mai ciwon kai. Kamilu ya tayar, ta kwashi laka 'yan cokula, ƙanƙara ta narke tana tsiyaya ta ko'ina, 'yan kallo suka yi ta tara kofunan Maikuɗi suna sha suna godiya. Ba a jima ba ƙarar ta dawo, ƙi-ƙi-ƙi. Abin da ya yi sanyi a wurin kaf, maƙogwaron jama'a ne.

"Madalla," in ji Ja'afaru, ko gezau. "Gwaji ne niy yi. Yanzu na gane inda ɓarawon yake."

Ɓarawon, a cewarsa, wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin da ke zaune a bakin bututun ruwa, wanda makanikai ke kira tamosta, shi ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi. Sifanar Ja'afaru ta injin niƙa ce, ba ta kama notin ba. Wani zai tsaya ya yi tunani, shi kuwa guduma ya ɗauko. Ya yi ta bugu, ƙwal, ƙwal, Kamilu na runtse ido da kowane bugu, har murfin ya saki. Ya ciro ɗan ƙarfen ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Kun gan shi? Turawa sunka sa shi don ƙasarsu, inda ruwa ke daskarewa. Mu nan mi za mu yi da shi? Shi ke riƙe zahi ciki." Ya wurga shi cikin ciyawa.

Da ya mayar da murfin aka cika ruwa, sai ga shi yana tsartuwa ta wata tsaga, siriri, har kan takalmin Kamilu.

"Malam, da ba ta yoyo," in ji Kamilu.

"Da ma yoyon shina ciki ɓoye, ni na hito da shi hili. Ka gode man. Maikuɗi, kawo ƙwai."

Wannan dai ba shi ya ƙirƙiro ba, a yi masa adalci. Duk direban da ya taɓa maƙalewa a daji ya san in lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, ya fara yoyo, akan fasa ƙwai ɗaya a zuba, ya dahu a ciki ya liƙe 'yar ƙofar har a isa gari. Ja'afaru sai ya zauna ya yi lissafin masu ilimi. In ƙaramar mota na shan ƙwai ɗaya, katafila fa, da ta haɗiye ƙananan motoci barkatai? Ya sa aka miƙo masa kiret ɗin Maikuɗi gaba ɗaya. Ya tsuguna a sama yana fasawa yana zubawa, yana wurgo ɓawo ƙasa.

"Injiniya," Maikuɗi ya ɗaga murya, "a yanko albasa, ko haka nan take ci?"

Aka kwashe da dariya. Ja'afaru bai ko waiwaya ba, ya ce jahilci ciwo ne. Aka tayar, yoyo ya ɗan ragu, sannan ya dawo da ƙarfinsa, yanzu har da kumfa.

"Ƙwan naka na agiric ne, ba shi da ƙarhi," in ji Ja'afaru. "A shiga gari a samo man garin kuka. Mudu guda."

Sarkin Noma ya gyara zama. "Kuka kuma? Ta miya?"

"Ita hwa. Ranka shi daɗe, ka taɓa ganin miyar kuka ta bi ta ƙaramar ƙohwa? Yauƙin nan shi za shi kama ƙwan, ƙwan shi kama ƙarhe. Kimiyya ce."

Da aka kawo, ya dama ta a bokiti da sanda, ta yi kauri kore shar, ya ɗura ta cikin lagireto. Habiba ta matso gindin katafila, ta rage murya don kada a ji.

"Ja'afaru, don Allah, gyara kake ko girki? Ka dubi irina. In ba ka iyawa ka sauko, ba wanda za shi kashe ka."

"Yaya, ki koma inuwa. Wanga aikin masu ilimi ne. Kahin la'asar ruwa kaɗai za ki jira."

Abin mamaki, yoyo ya tsaya. Ya kuwa za a yi bai tsaya ba, tunda babu abin da ke iya motsi a cikin bututun? Amma ana tayarwa allura ta haye ja tun ba a fara haƙa ba, ƙarar nan ta dawo. Ja'afaru ya leƙa ɗakin direba, ya dubi allura, ya dubi jama'a, ya ga wasu sun fara murmushin da ba ya so. Ya zagaya bayan inji, ya lalubo wata 'yar waya, ya sa filaya ya datse. Ƙara ta ɗauke ɗif. Allura ta faɗo ta kwanta.

"Kamilu, karanta ma jama'a. Ina allura take?"

"Ta kwanta, amma ai wayar..."

"Ta kwanta! Kun ji da bakinshi. Shiga da ita cikin hanyar ruwa, nan ne aikin yake."

Kamilu ya ɗaga hannu biyu sama. "Ku shaida, jama'a, ni ba ruwana." Manoma suka yi masa caa, rana na tafiya, ya ja ta ya gangara tsakiyar hanyar.

Wallahi sai ta kama aiki. Hannunta na nutsewa yana fitowa da laka, tana jibgewa a gaɓa, babu ƙara babu yoyo. Waɗanda suka yi dariya ɗazu suka fara kallon ƙasa. Wani ya ce "Injiniya!" wasu suka amsa. Har Habiba ta saki ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi. Ja'afaru kuwa ya tsaya a kan katafila, hannu ɗaya a ƙugu, ya buɗe jawabi. Ya ce zai buɗe gareji a bakin titi mai faɗin filin ƙwallo. Ya ce na Gusau in ya zo gobe a ba shi shayi ya koma. Ya ce yayarsa ta kusa daina noma, sai dai ta zauna a kawo mata.

Maikuɗi ne ya fara ɗaga hanci. "Jama'a, wa ke girki nan kusa?"

Kowa ya shinshina. Ƙamshi ne sosai, na miyar da ta kusa kamu, da ɗan ƙaurin wainar ƙwai. Muryar inji ta sauya, hannun katafila ya fara ɗagawa da ƙyar, wani farin tururi na fita ta gefen murfi.

"Malam, kashe ta za ni yi!" Kamilu ya yi ihu.

"Kul! Ƙara mata wuta! Zuhwa ce take yi, zazzaɓin ne ke hita!"

Inji ya yi ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya yi wata shaƙuwa, ya mutu. Ja'afaru ya juya ya nufi lagireto yana cewa bari ya ga abin da yaron nan ya ɓata. Allah ya so shi da rahama, bai kai ba. Murfin lagireto ya yi bam ya tashi sama, ba a sake ganinsa ba har yau. Wani koren ruwa mai yauƙi ya bi bayansa ya yi tsiri, ya watse a iska, ya dawo ƙasa da ɗuminsa, da guntayen dafaffen ƙwai a ciki. Ja'afaru ya yi tsalle ya faɗa cikin laka har ƙugu. Jama'a suka watse suna salati. Sarkin Noma, da nauyin jiki bai bar shi ya tashi da wuri ba, ya sha nasa kason tun daga hula har gefen babbar riga.

Da ƙura ta lafa aka dawo ɗaya bayan ɗaya. Maikuɗi ya lakato abin da ya sauka a kafaɗarsa ya duba.

"Ta dahu," ya ce. "Gishiri kaɗai babu."

Girgizar nan ta ɓalle ƙofar gefen inji, sai ga wani abu mai kauri kamar tsohuwar tabarma ya saɓule daga fuskar lagireto ya faɗo. Sarkin Noma ya sa aka miƙo masa, ya murza a tafin hannu. Babu manomin da ke wurin da bai gane shi ba.

"Wanga ai ƙaiƙayin shinkahwa ne."

Kamilu ya dafe kai. Kafin a kawo ta nan, a garin Damri aka ajiye ta, dab da masussuka, iska na kwaso ƙaiƙayi fanka na zuƙewa, har ya toshe duk ƙofofin da iska ke bi ta sanyaya ruwa. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Tsintsiya da bokitin ruwa sun isa su warkar da shi kafin shayi ya huce.

Ja'afaru ya fito daga laka da rarrafe, tabarau a karkace, kuka na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi ƙaiƙayin, sai ya nuna shi da yatsa.

"Yauwa! Shi nike nema tun ɗazu! Da ban yi haka ba, da wa za shi gan shi?"

Kamilu kuwa ya riga ya kira ubangidansa, wayar kuma ba ta buƙatar a ƙara mata murya. Bayan zagin da ba ya maimaituwa, aka haɗa shi da makaniken Gusau. Da ya ji ƙwai, ya ji kuka, ya ji an datse waya, sai ya saki salati. Sannan ya ce kan inji ya ƙone, sai an nemo kaya daga Kano, kada kowa ya sa rai a wannan makon. Katafila kuwa ga ta nan zaune daram a tsakiya, ta toshe hanyar da aka ɗauko ta ta buɗe.

Samarin Dakko suka fara naɗe hannun riga. Ja'afaru ya ja da baya yana neman inda ya ajiye babur, sai Habiba ta ratso tsakiya ta tsaya a gabansa.

"Ba mai taɓa shi," ta ce.

Ja'afaru ya ji sanyi a ransa. Haka take tun yana yaro, ko shi ya ja faɗan ita ke shiga. Ya buɗe baki zai fara bayani, ta karɓi shebur daga hannun wani ta dangwara masa a ƙirji.

"Ni na ce a bar ka, kunyar tawa ce. Ungo. Wanga ba shi da lagireto, ba shi da wayar da za ka datse. Ka kewaye katafilarka, ka bi nan har bakin gonata."

"Yaya, ni hwa injiniya..."

"Haƙa."

Ya haƙa. Manoma ma suka ɗauko nasu suka shiga, ba don shi ba, suna yi suna tsaki. Yinin Laraba kaf yana cikin laka, tafin hannunsa ya yi ruwa ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba, don duk sanda ya ɗaga kai tana tsaye a gaɓa. Abin da katafila za ta yi a yini, shebur bai gama shi ba. Ruwa ya zo ranar Alhamis kamar yadda aka ce, ya matsu ta 'yar siririyar hanyar da suka samu suka tsaga, ya raba kansa a gonakin gaba, ya iso ƙarshe a gajiye. Rabin irin Habiba ya sha. Rabin da ke kan tudu ruwan bai hau ba, rana ta ƙarasa shi.

Da yamma mutane suka biyo gaɓa suna duba gonaki, suka same ta a tsugune tana tuge wanda ya bushe tana tarawa. Ja'afaru ya matso da hannayensa a naɗe, ya tsaya a kanta. Shiru ba ya daga cikin abin da ya iya.

"Yaya, irin ga da kike gani, in da za a samu wani sinadari da na sani..."

Ta miƙe a hankali, idonta ya yi ja. Ta tattara busasshen irin, dami guda, ta ɗora masa a hannu.

"Tahi da shi Mahwara," ta ce. "Ka gyara."

Maikuɗi na wurin, amma ko shi bai yi dariya ba. Ja'afaru ya karɓa da hannu biyu.